Kuɓewar Mama Ba Ta Yauƙi

A garinmu idan ana so a ci mutuncin mace ba sai an zagi uwarta ba, a ce kuɓewarta tana yauƙi kawai ya wadatar. Haka muka taso muka tarar a wannan yanki namu na Louisiana, kuma babu wadda ta riƙe wannan doka hannu bibbiyu kamar mahaifiyata Eulalie Guillory, wadda kowa ke kira Mis Lali. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare, kuma duk bikin da cocinmu zai yi ita ce a kan tukunyar gumbo, miyar kuɓewar da ake ji da ita a yankinmu. Za ta yanka kuɓewa ta zuba a baƙar tukunyarta ta ƙarfe, ta sa mai, ta sa tumatir, ta tsiyaya ruwan khal mai tsami, ta tsaya tana juyawa awa ɗaya da rabi har sai yauƙin ya mutu murus. Sannan ta ɗaga ludayi sama kowa ya gani, miya ta zubo tsaf ba zare ko ɗaya.

Ni ce Vernice, 'yarta tilo, direbar motar 'yan makaranta. Shekarata arba'in da bakwai, kuma rabona da dafa kuɓewa shekara ashirin da takwas ke nan. Ina amarya 'yar sha tara na ɗauki tukunyata da rawar jiki na kai bikin coci, wai ni ma a san na isa mace. Mama ta zo ta tsoma ludayi ta ɗaga, zare ya biyo shi har kusan tsawon hannu. A gaban mata sun fi ashirin ta ce, “Vernice, miya kika kawo mana ko igiyar shanya?” Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Har yau akwai tsofaffin da idan na tsaya ɗaukar jikokinsu sai su tambaye ni ko na shanya kaya. Ban taɓa ce mata abin ya ƙona min rai ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

A watan Fabrairu aka gano ciwon daji a hanjinta. Aka yi mata aiki aka yanke wurin, sannan aka ce za a yi mata ƙarin ruwa na maganin daji sau goma sha biyu, duk bayan sati biyu, ranar Talata, a asibitin da ke Lafayette. Huɗun farko ta daure, har tana gyara wa ma'aikatan jinya yadda ake haɗa shayin kofi. A na biyar gudawa ta kama ta. Maganin yana kashe daji, amma yana haɗawa da fatar cikin hanji ya ɗaye ta, duk abin da ta ci sai ya wuce kamar ruwa a bututu. Matar da aka fara da ita tana laba ɗari da arba'in, kafin a ankara ta koma ɗari da goma sha bakwai. Zobenta na aure sai da ta naɗa masa zare don kada ya suɓuce.

Likitarta, Dakta Lindgren, doguwar mace ce daga Minnesota, can arewa inda ba su san kuɓewa ba sai a gwangwani. Ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, “Misis Guillory, saura bakwai. Ina so ki gama su duka, don a nan fatanmu yake. Amma idan kika sauka ƙasa da laba ɗari da goma sha biyu, dole in tsayar. Jikinki ba zai ɗauka ba.”

“In an tsayar fa?” na tambaya.

“Dajin zai fi samun hanyar dawowa.”

Daga nan ta fito da wani kwali cike da ƙananan fakiti farare. Ta ce suna wani gwaji a asibitin, na garin da aka tace daga kuɓewa. Wani irin sukari ne mai dogon zare wanda ba ya zaƙi, shi ne ainihin abin da ke sa kuɓewa yauƙi. Suna zaton yana shafe bangon hanji ya rage masa ƙunar magani. Ta ce an gwada a kan ɓeraye an ga alama, a kan mutane kuma yanzu ake dubawa, don haka ba ta yi mana alkawarin komai ba. A zuba fakiti ɗaya a kofin ruwan sanyi, a juya, a jira minti biyar, a sha, sau uku a rana.

Na saci kallon Mama a lokacin da aka ambaci yauƙi. Fuskarta ko motsi ba ta yi ba. Ta yi murmushin nan nata na gaban Fada, limamin cocinmu, ta ce, “To, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka.” Ta sa hannu a takarda. Ni da na san ta shekara arba'in da bakwai ya kamata a ce wannan murmushin ya tsorata ni, amma gajiya ta hana ni tunani.

Da yake ina fita da mota tun da sassafe, ƙanwarta Tanti Ozite ce ke wuni da ita. Tanti Ozite kuwa tun suna yara duk abin da Mama ta ce shi ne daidai, ko da ta ce rana a yamma take fitowa. Da yamma idan na dawo sai in tambaya, “Mama, kin sha?”

“Na sha.”

“Sau nawa?”

“Ke 'yar sanda ce? Sau uku aka ce, sau uku na sha.”

“Bari in haɗa miki na yamma.”

“Na riga na sha. Ki je ki cire takalman nan, kin tattaka min daɓe.”

Ba ta taɓa bari na ga tana sha ba, amma ba ta taɓa yi min ƙarya a rayuwata ba, sai dai ta faɗi gaskiyar da za ta fi ƙarya zafi. Ranar asibiti kuma sai ta fito da fakitocin da ba komai a ciki, a jere, an ɗaure su da roba goma-goma, ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya kamar mai kai sadaka coci. Har yaba mata ake yi, wai duk cikin masu gwajin babu mai kiyaye ƙa'ida kamarta.

Sai dai sikeli bai san yabo ba. Talata ta gaba ɗari da goma sha biyar. Wadda ta biyo baya ɗari da goma sha uku. Ga Mista Alcide Prejean, tsohon makanikin da kujerarsa ke kusa da tata a ɗakin ƙarin ruwa, shi ma yana cikin gwajin, yana ta cika baki wai cikinsa ya lafa, har ya koma cin shinkafa da jan wake. Mama ta harare shi ta ce, “Alcide, kai ko taya aka dafa maka za ka ce ta yi daɗi.” Ni kuwa a hanyar komawa gida sai na tsaya a gidan mai, na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska. Laba ɗaya tak ta rage tsakaninta da tsayar da magani, ga sauran ƙarin ruwa biyar a gaba.

Ranar Alhamis ta sati na gaba aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi suka cika, aka rufe makarantu. Ƙarfe tara na safe na dawo gida, lokacin da babu wanda ke tsammanina. Tun daga baranda warin ruwan khal ya bugi hancina. Na tsaya. Mama ta yi wata biyu ba ta iya jure ƙamshin girki, to me ake dafawa?

Na tura ƙofar kicin. Ga Mama a kan doguwar kujera gaban murhu, da rigar barci da ɗankwali a kanta da ba gashi, tana juya baƙar tukunya da hannun da ya koma kamar sillen kara. Tanti Ozite na tsaye a bayanta ta riƙe mata ƙugu kada ta faɗi. A kan tebur ga fakitoci ashirin da ɗaya an farke, na sati guda cif, ga kwalbar khal ta kusa rabi.

“Mama, mene ne wannan?”

Tanti Ozite ta zabura. “Ni dai riƙe ta kawai nake yi, Vernice. Na rantse ban taɓa ludayin ba.”

Mama ko waiwayowa ba ta yi ba. “Rufe ƙofa, iska na kashe min wuta.”

Na leƙa tukunyar. Wani ruwa ne ruwan ƙasa-ƙasa, tsararo, yana tafasa. Ta ɗaga ludayi kamar yadda ta saba, ya zubo tsaf, ba zare ko ɗaya. Har da ɗan gyaɗa kai ta yi na gamsuwa.

“Maganin kike dafawa?”

“Gyara shi nake yi. Ba ki ga yadda suka ba ni shi ba? Ranar farko na zuba a ruwa, na dawo na tarar da abu kamar majina. Waɗannan mutanen ba su san kuɓewa ba. Ba laifin yarinyar likitar ba ne, ba a koya mata ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko mana. Awa ɗaya da rabi, khal cokali uku, sai in zuba a kwalba in sa a firij. Sau uku a rana, ko sau ɗaya ban tsallake ba.”

Na daka mata tsawa. “Mama! Yauƙin shi ne maganin! Shi ne dalilin da ya sa aka ba ki! Wata guda kina kashe maganin, sannan kina ɗura wa hanjin da ya ɗaye ruwan khal!”

“Kada ki ɗaga min murya a kicin ɗina.”

“Zan ɗaga! Ina can ina kuka a banɗakin gidan mai, ke kina nan kina gasar girki da likitoci!”

“Wa ya aike ki kuka a gidan mai? Ba ki da gida?”

Na juya kan Tanti Ozite. “Ke kuma Tanti, da girmanki, kina kallo?”

“Na ce mata anya, Lali? Ta ce in yi shiru. Kin san halinta.”

“Kuma ya fi daɗi yanzu,” in ji Mama. “Ɗanɗana ki ji.”

Na kashe murhu da kaina, na fita baranda na tsaya ina kallon ruwa yana zuba, don idan na ƙara minti ɗaya a ciki zan faɗi abin da sai na je gaban Fada neman gafara. Daga nan na buga waya asibiti, suka ce mu zo gobe.

Dakta Lindgren ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire tabarau ta murza ido.

“Awa ɗaya da rabi,” ta ce.

“Wani lokaci da minti goma,” in ji Mama. “Naku yana da taurin kai, ya fi na gona.”

“Misis Guillory, takardar ta ce ruwan sanyi.”

“Ai da sanyinsa nake sha. Daga firij nake ɗaukowa.”

Na ga likitar tana cije leɓe, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ta ce shekara biyu suka yi suna neman yadda za su tace abin nan ba tare da zarensa ya tsinke ba, ga shi Mama ta gano yadda ake tsinka shi a kicin da tukunya ɗaya. Mama ta ɗauki wannan a matsayin yabo, har ta gyara zama. Likitar ta ce ba za ta iya cewa da an sha shi daidai da ya yi aiki ba, ita ma ba ta sani ba tukuna. Abin da ta sani shi ne abin da Mama ta sha wata guda ba shi ne suka ba ta ba, kuma khal ba abokin hanji mai ciwo ba ne. Dole ta rubuta abin da ya faru a takardun gwaji. Sannan ta ba mu sabon kwali, ta ce an ɗaga ƙarin ruwa na gaba da sati ɗaya. Ranar Talatar, sikeli ne zai yanke hukunci.

“Idan ruwan ya gagare ki, ki zuba a kan farar shinkafa da ta huce. Amma ba wuta, ba khal.”

“Ko tumatir?”

“Ko tumatir.”

Mama ta taɓe baki. A mota ta ce, “Yarinyar kirki ce, amma Allah ya ji ƙan mijinta.”

Da muka isa gida na ɗauki baƙar tukunyar na kai bayan motata na kulle, na zuba sauran khal a magudana. Na ɗauki hutun kwana goma daga aiki. Na farke fakiti na zuba a kofin gilashi, na juya, na duba agogo. Minti biyar, abin ya kumbura ya yi kauri, fari-fari. Na ɗaga cokali, zare ya biyo shi. Gaskiya ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Na ajiye a gabanta.

Ta kalli kofin, ta kalle ni. “Ba zan sha ba.”

“Za ki sha.”

“Shekara hamsin da uku yauƙi bai shiga bakina ba. Ba kuma a gidana ba.”

“To ki mutu da tsabtar ludayi, a rubuta a kan kabarinki!”

Na ji nauyin maganar bayan ta fita, amma ban janye ba. Tanti Ozite ta yi alamar gicciye ta sulale falo. Mama ta daɗe tana murza zoben nan mai zare, sannan ta fara magana ba tare da ta kalle ni ba.

Ta ce satinta na farko a gidan aure, tana 'yar sha takwas, ta dafa wa dangin Baba kuɓewa. Ita marainiya ce, a gidan mutane ta tashi, babu wanda ya tsaya ya koya mata. Surukarta, Kaka Celestine, ta ɗaga ludayi ta ga zare. Ta ɗauki tukunyar da hannunta ta ratsa tsakar gida, kowa na kallo, ta juye wa aladu. Da ta dawo sai ta ce wa Baba, “Da gani ka san ba uwa ce ta raine ta ba.” Mama ta ce a ranar ta rantse ba wanda zai sake faɗa mata haka.

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Tausayinta ya kama ni, amma haushin da ya biyo baya ya fi shi ƙarfi.

“Kin san zafin abin ke nan,” na ce. “Kin sani, amma kika yi min a gaban matan coci.”

“Ni ban zubar wa aladu ba.”

“Igiyar shanya, Mama. Shekara ashirin da takwas ana tambayata ko na shanya kaya.”

“Gata na yi miki. Gara ki ji daga bakina da ki ji daga bakin surukarki.”

“Surukata ta cinye kwano biyu a ranar!”

“Wannan matar ba ta san abinci ba.”

Na ɗaga hannu sama na sauke. Wannan ita ce uwata, tana da laba ɗaya tsakaninta da tsayar da magani, amma tana da ƙarfin zagin matar da ta mutu shekara tara. Na tura mata kofin.

“Ki yi min wannan kawai. Ba na neman ki ce kin yi kuskure, na daina jira tuntuni. Ki sha.”

Ta jawo kofin gabanta. Can ta ce, “Saki labule.”

“Me?”

“Labulen taga. Maƙwabciyarmu matar Broussard tana baranda, idonta kamar na shaho.”

Na saki labule. Ta ɗaga kofin da hannu biyu ta kurɓa, ya dawo nan take, muka ɓata tebur da rigarta. Na goge, na haɗa wani. A karo na biyu na zuba a kan shinkafa, na zauna ina ƙirga cokali. Ta ci tana rufe ido, tana tsine wa Minnesota da duk wanda ya fito daga cikinta. Minti arba'in muka yi a kan kofi ɗaya.

Haka muka yi kwana goma, sau uku a rana, labule a sake. Babu ranar da ba mu yi faɗa ba. Wai na cika ruwa. Wai ban juya sosai ba, ya yi gudaji. A rana ta huɗu na kama Tanti Ozite tana shigo da lemon tsami a jakarta, na ƙwace, ta ce wai na shayi ne, ita da ba ta shan shayi. A rana ta shida Mama ta ce in daina juyawa da cokali, in yi amfani da cokali mai yatsu, kuma in riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan. Na gwada, ya fito sumul ba gudaji, zarensa ya fi na da tsawo. Wato ko abin da ta tsana ma sai ta koya min yadda ake yinsa. Gudawar ba ta tsaya ba, amma daga sau tara a rana ta koma biyar, wata rana huɗu. Ban yarda na sa rai ba. Sikelin gidanmu kuwa ta hana ni ɗora ta a kai, wai ita ba buhun shinkafa ba ce.

Ranar Talata muka isa da wuri. Na lura ta sa takalmanta masu nauyi da rigar sanyi a cikin zafin watan Yuni, aljihun rigar ya yi wani irin kumburi. Kafin ma'aikaciyar jinya ta kira mu na sa hannu na zaro ƙaramin mutum-mutumin Waliyyi Yusuf na ƙarfe, wanda ke zaune kan talabijin ɗinmu.

“Haba Mama!”

“Don addu'a na zo da shi.”

“Addu'a mai laba biyu? Cire rigar.”

Ta cire tana gunaguni, ta cire takalma, ta hau. Na kasa kallon lambobin, sai na kalli bayan wuyanta, siriri kamar na yarinya.

“Ɗari da goma sha uku da rabi,” in ji ma'aikaciyar.

Na zauna a kujerar da ke kusa, da Waliyyi Yusuf a cinyata. Dakta Lindgren ta duba sakamakon jini ta ce za a yi ƙarin ruwan yau. Ta ƙara da cewa kada mu yi saurin yanke hukunci, wataƙila garin ne, wataƙila barin khal ne da shinkafar da hutun sati guda, kuma saura huɗu bayan wannan, kowanne da nasa sikelin. Na ce mata ko me ne ne, mun gode.

Aka zaunar da Mama a kujerarta kusa da Mista Alcide, aka haɗa mata robar ruwa. Ɗakin cike yake, mutum goma sha biyu da masu rakiyarsu, rabinsu 'yan garinmu, har da biyu daga cikin matan da suka yi dariya a bikin nan. Ƙarfe goma sha biyu ta yi, lokacin kofin rana. Na sunkuya na raɗa mata cewa mu bari sai mun koma gida, awa biyu ba za ta ɓata komai ba.

“An ce sau uku a kan lokaci,” ta ce da ƙarfi. “Haɗa.”

“A nan? Babu labule, Mama.”

“Ina da ido. Haɗa.”

Na fito da kofi da cokali mai yatsu daga jaka, na zuba kaɗan-kaɗan, na juya, muka jira minti biyar. Ta karɓa, ta tsoma cokalin ta ɗaga shi sama yadda ta saba ɗaga ludayi, sama sosai, har inda hannunta ya iya kaiwa. Zare ya miƙe daga kofi har cokali bai tsinke ba. Duk 'yan ɗakin suka juyo suna kallo. Na ji kunya ta rufe ni kamar ina 'yar sha tara.

Mista Alcide ya ce, “Tabɗi! Mis Lali, nawa ba ya yin haka. Duk gudaji yake yi min.”

“Don ba ka da mai haɗa maka ne,” in ji Mama. “Vernice ce ke yi. Duk yankin nan babu mai fitar da yauƙi kamar 'yata. Tun tana amarya hannunta yake haka, ku tambayi waɗancan biyun, suna wurin.”

Wani ya yi dariya, matan biyu suka sunkuyar da kai. Ni ban san ko in shaƙe ta ko in rungume ta ba, sai hawaye kawai ke zuba, ga hannuna duk ya yi danƙo ba halin gogewa. Ta rufe ido ta shanye kofin tas a gaban kowa, ta yamutsa fuska, ta miƙo min shi.

“Daina kuka a gaban mutane. Je ki haɗa wa Alcide nasa, ki nuna masa yadda ake yi.”

Na ɗauki cokalin na je na wanke, na dawo na karɓi fakitin Mista Alcide.